FAMFON BAƘIN MAI NA MOTAR RANGADI: Jawabi ga Hakimai da Malamansu a Ƙasashen Gwandu da Kalgo

Maganar yau a kan motar rangadi ce, watau irin motar nan mai ja da ƙafa huɗu, mai shan man gas, wadda ta gaji aikin doki a ƙofar Hakimi.

A zamanin dā, Hakimi ba ya hawa sai ya tambaya ko doki ya ci, ya sha, ko kuwa akwai ƙafar da yake ɗingisawa. Ba shi ne mai yankan ciyawa ba, amma ya san lafiyar dokinsa, kuma barorinsa sun san zai tambaya. Da mota ta zo sai aka bar wannan kyakkyawar al'ada. Aka miƙa wa direba makulli, aka ce sauran magana ta bakanike ce. Ga shi kuwa motar nan ba ta Hakimi kaɗai ba ce. Ita ce ke kai shi wurin rikicin manoma da makiyaya kafin a zare sanda. Ita ce kuma ake bugo wa ƙofa da tsakar dare, in haihuwa ta zo wa wata da gardama a Diggi ko Zuguru, ko Dalijan ko Kambaza, a ce a taimaka a kai ta asibitin Kalgo, ko na Sir Yahaya a Birnin Kebbi. Ran da injinta ya buga, ba mutum guda ya yi hasara ba.

A cikin injin akwai wani ɗan abu wanda direba ma sau da yawa bai taɓa ganinsa ba, sunansa famfon baƙin mai. In ya tsaya, inji ya mutu. Abin da ake so a gane shi ne, da wuya famfon nan ya lalace don kansa. Sakaci ne ke kashe shi, sakacin kuwa da abubuwan da ana iya dubawa a gida ne, a ƙofar fada, ba sai an je gareji ba.

Irin motocin da ake magana a kansu

A zamanin Sarkin Gwandu Yahaya ne aka fara ƙera Land Rover a Ingila, cikin shekarar 1948. A zamanin Sarki Haruna Rashid kuwa, cikin 1957, aka fara sa mata inji mai shan gas. Da irinta ma'aikatan En'e da na Gwamnati suka yi ta rangadi a Arewa tun hanyoyin kwalta ba su yawaita ba. Daga baya motocin Toyota na ƙasar Japan suka shigo, su Hilux da Land Cruiser, har suka rinjaye ta yawa. Ko wace iri ce Hakimi ya mallaka, ka'idar famfonta guda ce, ko da yake mazauninsa ya bambanta. A tsofaffin Land Rover yana rataye cikin kaskon mai, wani sanda ne daga sama ke juya shi. A injin Land Cruiser mai suna 1HZ, wanda aka fara yi a 1990, yana can gaban inji, haƙoran ƙarfe ke juya shi. A injin Land Rover mai suna Td5 kuwa sarƙa ce ke jansa, za a kuwa komo kan wannan a gaba.

Aikin famfo

A ƙarƙashin inji akwai kaskon ƙarfe, nan baƙin mai ke kwanciya in mota na tsaye. Famfo yana da bututu wanda ya nutse cikin kaskon, a bakin bututun kuma akwai rariyar waya. Da an tada inji, sai waɗansu ƙarafa biyu masu haƙora a cikin famfon su shiga juyawa, su zuƙo mai ta rariyar, su tura shi da ƙarfi ta cikin filta, daga nan ya bi 'yan ƙananan hanyoyi ya kai ko'ina. Akwai kuma wani ɗan bawul mai sifirin, wanda ke sakin rarar mai ya koma kasko in ƙarfin ya yi yawa.

Inda man ya fi amfani shi ne wurin babban sandan inji mai juyawa, wanda kanikawa ke kira karanshaf. Sandan nan yana kwance ne bisa waɗansu ɓawon ƙarfe masu taushi, ana ce da su metal. Tsakaninsa da su akwai 'yar rata wadda ba ta wuce kaurin gashin kai ba, mai ne ke cika ta, har ya zama ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe. In mota na tafiya inji na juyi 2,000 a minti, sandan ya kan kewaya sau 33 kafin mutum ya ƙirga daƙiƙa guda. To, in mai ya yanke, sai ƙarfe ya hau ƙarfe da wannan gudu. Metal ya yi zafi ya narke, a ji ƙara kamar ana dukan tukunya da guduma, shi ke nan inji ya buga. Ba a awa ake lissafin wannan ɓarna ba, a minti ne. Motar da ke da turbo kuwa ta fi saurin cutuwa, domin shi yana juyi fiye da 100,000 a minti, kuma da wannan man yake rayuwa.

Abokan gaban famfo a Gwandu da Kalgo

Garin Gwandu yana gabas da Birnin Kebbi, ƙasarsa tudu ce mai rairayi. Kalgo tana kudu, kusa da fadamar Gulbin Rima. Ko wace ƙasa da irin cutar da take yi wa inji.

Na farko ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, hunturu na busa ƙura mai laushi kamar gari. Ta kan shiga ta filtar iska in ta yage, ko ta bakin zuba mai in an bar shi a buɗe, ko a jikin mazurari mai datti. Ƙurar nan rairayi ce. In ta gauraya da mai sai ta riƙa cin haƙoran famfo da metal a hankali, kamar yadda dutsen wasa wuƙa ke cin wuƙa.

Na biyu zafi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafin rana a nan ya kan wuce digiri 40. Motar da ke fama da rairayi a ƙaramar giya tana aiki mai yawa, tafiya kaɗan, iskar da ke sanyaya ta kuma kaɗan. Mai ya kan tsinke da zafi, in kuwa ya tsufa sai ya daskare ya zama kamar kwalta, ya toshe rariya.

Na uku ruwa. Mutanen Kalgo ba sa bukatar a ba su labarin ambaliya. Sun ga ta 2012, sun ga ta 2020 wadda ta cinye shinkafa a fadamun Jihar Kebbi. A watan Agusta da Satumba direba ya kan ga ruwa ya rufe hanya, ya ce motarsa ai mai ƙafa huɗu ce. Amma tsohuwar Land Rover Defender kanta, rabin mita ne iyakar zurfin da masu ita suka yarda ta shiga. In ruwa ya sami hanya cikin kasko, sai ya kwanta ƙarƙashin mai, daidai inda bakin bututun famfo yake.

Na huɗu dutse da kututture. In suka bugi kasko ya lotsa, ko bai huje ba, lotsawar tana iya matse bakin bututu, famfo ya kasa zuƙowa sosai.

Na biyar shi ne mugun mai, irin wanda ake sayarwa a kwalabe a bakin hanya, ba a san asalinsa ba. Wani tsohon mai ne aka tace aka sake ɗurawa. Araha ba ta ado.

Duban safe

Wannan aikin direba ne, ba ya cin minti biyar, ba ya cin kwabo. Kullum da safe, mota na tsaye a wuri mai daidai, kafin a tada ta, sai ya zare geji ya goge da tsumma mai tsabta, ya mayar, ya sake zarewa ya duba. Mai ya tsaya tsakanin zane biyu na geji. In ya yi ƙasa a ƙara. Kada kuma a cika ya wuce zanen sama, domin sandan inji zai riƙa kaɗa shi ya yi kumfa, famfo kuwa ba ya iya tura kumfa.

Sa'an nan ya dubi launinsa. Man injin gas ya kan yi baƙi da wuri sabo da hayaƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro iri uku ne. In ya yi fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. In yana ƙaruwa ba wanda ya ƙara, kuma yana warin gas, to gas na zuba a cikinsa yana tsinka shi. In an murza tsakanin yatsu an ga ƙyalli kamar garin ƙarfe, wani abu na cinyewa a ciki. Ko wanne aka gani, mota ba ta fita ran nan sai bakanike ya zo.

Daga nan ya leƙa ƙarƙashin mota ya ga ko mai ya ɗiga da dare, ko kasko ya lotsa. Sa'an nan ya murɗa makulli ba tare da ya tada inji ba. Tilas jar fitilar mai, wadda ke da siffar 'yar buta, ta kama. In ba ta kama ba, ko ƙwanta ya mutu, ko wani ya cire wayarta don ta dame shi. Motar da ke haka kamar gari ne wanda mai gadinsa ya yi barci. Da an tada inji kuma, fitilar ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi. A bar inji ya yi minti guda ko biyu yana aiki a hankali kafin a taka totur. Haka nan in an dawo daga doguwar tafiya da mota mai turbo, a bar ta ta ɗan huce kafin a kashe.

In an ratsa ruwa mai zurfi, a tsaya a tudu a sake duban geji. In kuwa inji ya mutu a tsakiyar ruwa, kada a sake murɗa makulli ko sau ɗaya. A nemi jama'a ko shanu su jawo ta.

Juyen mai

Ga irin hanyoyin nan, ka'idar da ta dace ita ce a yi juye ko wace kilomita 5,000, ko ko wane wata 6, duk wanda ya riga zuwa. Motar da ke cin kilomita 400 a mako za ta kai wannan adadi cikin wata uku. Wadda ta yi kwanaki tana fama da rairayi ko laka, a yi mata tun kafin lokaci, domin agogon tafiya nisa kaɗai yake ƙirgawa, ba ya ƙirga wahala.

Tsofaffin injunan gas yawanci mai lamba 15W-40 suke sha, amma littafin motar shi ne alƙali. A sayi galan rufaffe, a buɗe hatiminsa a gaban Malami. A zubar da tsohon mai inji na da ɗumi, domin datti ya biyo shi. A sake filta duk lokacin da aka yi juye, a shafa wa robar bakinta mai, a ɗaura ta da hannu. Injin Td5 filta biyu gare shi, ɗaya irin ta kowa, ɗaya kuma mai juyawa wadda ke wurgar da baƙin hayaƙi gefe; kada a manta da ta biyun. Filtar iska kuma a kakkaɓe ta a kai a kai da hunturu, in ta yage a jefar.

Tsohon mai a tara shi a jarka. Kada a zuba shi kusa da rijiya ko a fadama, kada kuma a shafa shi a gyambon mutum ko na dabba, guba ne.

Labarin noti guda

Ga wani misali da zai nuna yadda ƙaramin abu ke kada babba. Injin Td5 mai silinda 5 an fara yinsa a 1998. An sa shi a Discovery har 2004, a Defender kuma har 2007, ana kuwa samun irinsu cikin motocin da aka shigo da su na hannu daga Turai. A wannan inji, sarƙa ce ke tasowa daga babban sanda ta ja wani faifai mai haƙora, faifan kuma noti guda tak ya riƙe shi a jikin famfo. Sanannen abu ne ga kanikawa da masu irin motar a Ingila cewa a waɗansu injunan, musamman na farko, notin nan ba ya da isasshen maganin kama zare. Girgiza ta yi ta kwance shi a hankali har ya fita. Ran da ya fita, sarƙa na juyawa, famfo na tsaye, kasko cike da mai amma ko ɗigo ba ya hawa.

Maganin abin aikin yini guda ne, ana kuwa iya yinsa a gida in an kira bakanike mai hankali. A zubar da mai, a kwance kasko, a fitar da notin. A wanke raminsa ya bushe sarai, a kawo sabon noti a ɗiga masa maganin kama zare irin su Loctite, a ɗaure shi da sifana mai ma'auni daidai yadda littafin motar ya faɗa, ba da ƙarfin damtse ba. In an yi shi da kyau sau ɗaya, ya wadatar. Duk wanda ya sayi mota mai wannan inji, bai kuwa ga shaidar an taɓa yi ba, ya ɗauka ba a yi ba.

Wanda motarsa ba Td5 ba ce, shi ma yana da rabo a nan. Tsohuwar mota wadda ba a san tarihinta ba, ya kamata a sauke kaskonta sau ɗaya a ga abin da ke ciki. A wanke shi, a wanke rariya da gas har a ga haske ta cikinta, a duba bututu ko ya tsage, a buge lotsawa. Wajen mayarwa a sa sabon gasket. Kada a yarda a lafta gam mai yawa a madadinsa, domin rarar da ta matso ciki ta kan gutsure ta je ta toshe rariyar da aka wanke. In an gama, an zuba mai, a tabbata jar fitila ta mutu kafin a taka totur. Kuma kada a bar ɗan kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana bisa jak kaɗai. A tokare ta da abu mai ƙarfi, a sa duwatsu a ƙafafunta.

In jar fitila ta kama ana tafiya

Nan ne maganar ta iso kan Hakimi da kansa. Fitilar nan ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turawar famfo take aunawa, kuma ba ta kamawa sai ƙarfin ya kusa ƙarewa. Sabo da haka ba ta nufin a ƙarasa gari a duba. Nufinta a kashe inji nan take.

A ɗauka Mai Martaba ya kira taro a Birnin Kebbi da ƙarfe goma, Hakimi ya taso daga Gwandu a makare. Ana tsakiyar hanya fitila ta kama. Direba ya gani, ya dubi maigidansa ta madubi, ya ga fuska a ɗaure, sai ya ce a ransa bari dai a lallaɓa. Ba a yi nisa ba inji ya buga. Taron da ake gudun makara an rasa shi ɗungum, mota kuma ta kwanta wata da watanni ana neman kuɗin inji, alhali mai yiwuwa abin da ya jawo duka bai fi lita biyu na mai ba. Direba ya yi laifi, amma tsoro ne ya sa shi, tsoron kuwa Hakimi ne kaɗai ke iya cire masa. Ya kamata ya kira shi a gaban Malami ya ce masa: “Ran da jar fitila ta kama, ka tsaya, ko ina za mu, ko wa ke jiranmu. Ba ka da laifi.” Direba kuma ya iya buɗe baki ya ce: “Ranka ya daɗe, fitila ta kama, sai mun tsaya.”

In an tsaya, a jira minti biyar a duba geji. In mai ya yi ƙasa, a ƙara daga galan ɗin da ya kamata kullum ya kasance a bayan mota, a nemi inda ya zuba, a tada a gani. In fitila ta mutu, ba kuma wata baƙuwar ƙara, a tafi a hankali. In kuwa mai na nan cif amma fitila ta ƙi mutuwa, kada a sake tadawa, a jawo motar. Mai yiwuwa 'yar na'urar fitilar ce kawai ta lalace, amma ba a bakin hanya ake gane haka ba. Bakanike ne zai cire ta, ya ɗaura agogon awon ƙarfin mai a gurbinta. Kada kuma a yi saurin sayen sabon famfo, gama sau da yawa metal ne ya cinye, ko rariya ta toshe, famfo kuwa lafiyarsa lau.

Littafin Malami

Malamin Hakimi ya saba da rijista, wannan ma rijista ce. Ya sami littafi guda ya rubuta lambar mota a bangonsa, ya ja layuka: kwanan wata, abin da agogon tafiya ya nuna, aikin da aka yi, irin man da aka zuba da yawansa, sunan wanda ya yi aikin. Ko rabin lita direba ya ƙara, a rubuta. Da haka ne za a gane in mota ta fara shan mai fiye da dā, tun abin bai yi nisa ba. Sau ɗaya a shekara, kafin damina, a sa bakanike ya auna ƙarfin mai da agogo inji na da zafi, a rubuta adadin. In na bana ya gaza na bara ƙwarai, inji ya yi gargaɗi ke nan. In an ɗaure notin Td5, ko an sauke kasko, a rubuta da jan alƙalami. Direba na iya sauyawa, Malami na iya samun canjin wurin aiki, littafi yana nan.

Ko wane ƙarshen wata Malami ya kai littafin gaban Hakimi, ya duba ya sa hannu. Ba sai ya san sunan ko wane ƙarfe ba. Tambaya uku sun isa: yaushe aka yi juye, nawa aka ƙara tun daga ran nan, jar fitila kuma tana kamawa tana mutuwa yadda ya kamata? Direban da ya san za a yi masa waɗannan tambayoyi ba zai fita da safe bai zare geji ba.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.